Wa Ya Ce Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya?

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ni dai a nawa ganin, wanda ya fara faɗin wannan magana bai taɓa kwana a caji ofis ba a kan laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A ƙasarmu ta Jabo da Tambuwal da Kebbe, cikin 'yan shekarun nan, ƙarya tana fure, tana 'ya'ya, har a girbe a kai rumbu. 'Ya'yan nata kuwa su ne gonar gado da aka sayar don a fanshi mutum daga hannun hukuma, da auren da aka fasa ana saura mako guda, da magidancin da ya tattara iyalinsa ya bar garin ubansa da tsakar dare.

Mutanen Jabo sun ɗanɗana abin a matsayinsu na gari guda. A daren 25 ga Disamba, 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato da sunan farautar 'yan ta'adda, wani abu ya faɗo a gonakin bayan gari ya fashe. Gwamnatin Tarayya ta ce dajin Bauni na ƙaramar hukumar Tangaza aka nufa, ɓaraguzai ne suka faɗo a Jabo, kuma mutanen garin suka yi ta shaida wa 'yan jarida cewa su ba su san wani sansanin 'yan ta'adda a wurinsu ba. Duk da haka, kafin gari ya waye sunan Jabo ya zagaya duniya manne da kalmar ta'addanci. To, in gari sukutum, mai hakimi da malamai da 'yan boko, ya sha wuya kafin ya kankare abin da aka shafa masa, ina ga talaka guda mai sayar da burodi?

Na ambaci mai burodi da gangan. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin nan, kalma ɗaya ta zama takobi a bakin kowa, watau infoma. In kana bin mutum bashi ka matsa masa, kai infoma ne. In kun yi rigimar iyakar gona, ko kun nemi yarinya ɗaya ta zaɓe ka, ko babur ɗinka ya fi nasa sabunta, to, ana iya wayar gari a ji an ce an ga kana kai burodi da fetur daji. Ba a bukatar shaida. Murya ɗaya a WhatsApp ta isa, sai ka ga an zo da bindigogi an tafi da mutum. In kuwa Bafulatani ne, abin ya fi sauƙi, gama rabin garin sun riga sun yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki.

Kada wani ya ɗauka ina cewa babu infoma na gaskiya. Akwai su, sun kuwa jawo an kashe bayin Allah, an sayar da shanu da gonaki an biya kuɗin fansa. Amma daidai saboda laifin yana da girma ne ya sa ƙaga shi ga wanda bai aikata ba ya zama tamkar kisan kai da harshe. Mun ga inda zato ke kai mutane. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa. A watan Yuni na 2023 aka jefe wani mahauci har lahira a mayankar Sakkwato a kan maganar da babu alƙalin da ya saurara. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyarsu ta komawa Kano, wai masu satar mutane ne. Lokacin na Uromi duk Arewa ta yi kuka, ta kuwa yi daidai, sai dai ban ji mun tambayi kanmu sau nawa muke yi wa junanmu irin wannan a gida ba.

Waɗannan sun mutu, babu sauran ɗaukaka ƙara. Da masu rai nake, waɗanda aka yi wa sharri, aka kama, aka tsare, aka sako, suka dawo gida. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jimla ɗaya da kusan kowannensu ke rufe zancen da ita: "Na bar shi da Allah." Dattawa su gyaɗa kai su ce madalla, mahaƙurci mawadaci, ai sharri kare ne mai shi yake bi. Maƙaryacin kuwa yana can a majalisarsa yana shan shayi, ya gane cewa sana'ar ba ta da asara, gobe sai ya gwada ta a kan wani.

Ina so mu gaya wa kanmu gaskiya, 'yan'uwa ɗalibai. Mafi yawan wannan haƙurin tsoro ne aka naɗa wa rawani. Tsoron kuwa yana da asali. Kakanninmu sun rayu a zamanin 'yan doka da kotunan En'e, lokacin da ake ƙaga wa ɗan NEPU laifi da safe a ɗaure shi kafin azahar, babu lauya, babu mai cewa don me. An karɓe 'yan sanda da kotuna daga hannun En'e tun ƙarshen shekarun 1960, amma har yau talakan ƙauye in ya ji an ce kotu sai cikinsa ya ɗuri ruwa, yana ganin wurin da ake kai mutum ne, ba wurin da mutum ke kai kukansa ba.

Kafin in zo ga dokar boko, bari mu fara da addini, tun da da shi ake rufe mana baki. Kowane ɗalibi ya san ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da yadda aka saukar da wankewarta a Suratun Nur. Abin da masu wa'azin haƙuri ba su cika ƙarasawa ba shi ne yadda abin ya jeru. Da farko aka wanke ta a bainar jama'a. Sa'an nan aka tsayar da haddi a kan waɗanda suka yaɗa maganar, maza biyu da mace ɗaya. Bayan wannan ne aka kwaɗaitar da Sayyidina Abubakar ya yafe wa Misɗahu ya ci gaba da ciyar da shi. Wankewa, hukunci, sa'an nan yafiya. Mu kuwa mun juya jerin, mun fara da yafiya, mun jefar da sauran biyun. Kuma ai yafiya ta wanda ya sami ikon ramawa ce. Wanda aka danne aka ce ya yi shiru, ba za a ce ya yafe ba.

Shari'ar Musulunci ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa. Wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a bayansa, kuma wannan haddi yana cikin dokar laifuffuka ta Shari'a da Jihar Sakkwato ta kafa. Wanda ya jefi mutum da sata ko haɗa baki da ɓarayi ba ya shiga wannan haddin, amma alƙali yana da ikon yi masa ta'aziri. Ke nan Musulmin Jabo da aka ɓata wa suna yana iya tafiya kotun Shari'a da ƙafarsa, ya yi magana da harshensa na Hausa, ko lauya bai ɗauka ba.

Yanzu ga dokar ƙasa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, watau ba a tsare uba don ɗa ya gudu, ba a tsare mata don a jawo mijinta. Ta kuma hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Dokar 2017 ta mai da azabtar da wanda ke tsare laifi ne a kan wanda ya yi azabar. Belin 'yan sanda kuwa kyauta ne, har a bangon ofisoshinsu suna rubutawa, ko da yake da Turanci suke rubutawa, inda mai bukatar sani ba zai iya karantawa ba.

Wannan batun harshe shi ne ramin da ya fi cin mutanenmu, ina kuwa so in daɗe a kansa tun da mujallar Hausa ce. Ka ɗauki manomin da aka kama. Ɗan sanda ya yi masa tambaya da Hausa, ya amsa da Hausa, ɗan sandan ya rubuta da Turanci, ya miƙo tawada ya ce dangwala nan ka tafi gida. Mutumin ya ce, "Na san shi, mun taɓa haɗuwa a kasuwa." Abin da ke kan takarda kuwa yana iya zama cewa ya amsa suna aiki tare. Bayan wata shida a karanta wannan takarda a kotu a matsayin iƙirarinsa, ga yatsansa a ƙasa. Babu ƙazafin da ya kai wanda ka sa wa hannu da kanka. Saboda haka abu na farko da za a koya wa kowane ɗan ƙauye shi ne, kada ya dangwala wa abin da ba a karanta masa aka fassara ba, a gaban wani nasa mai karatu. Yana da ikon ya ce a rubuta da Hausa, ko ya rubuta da hannunsa. In an doke shi ya sa hannu, to, ranar farko da ya tsaya gaban alƙali ya faɗa, ya nuna tabon, domin Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. A kotu kuma tafinta haƙƙinsa ne, ba ko kwabo.

Ba zan yaudari kowa ba. Wa'adin nan na kwana ɗaya ko biyu bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, zargin haɗa baki da 'yan fashi kuwa nan yake dosa. Majistare ba ya ba da beli a irin wannan, sai Babbar Kotu. Abin da aka saba shi ne a kai mutum gaban majistare, a tura shi gidan waƙafi a ce ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a, fayil ya kwanta, mutum ya kwanta. A 2024, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukuncin komai ba. Maƙaryaci ya san wannan, shi ya sa yake zaɓen babban laifi. To, amma ko a nan ƙofa ba ta rufe ba. Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ƙayyade wa irin wannan tsarewa wa'adi, ta kuma ɗora wa majistare zagayen ofisoshin 'yan sanda kowane wata don ya ga waɗanda ke ciki. Jihar Sakkwato ta yi tata a 2019, lokacin mulkin Aminu Waziri Tambuwal, wanda lauya ne kuma ɗan ƙasar nan. Doka ta fito daga hannun ɗan gida, amma je ka kasuwar Tambuwal ka tambayi mutum goma ko sun taɓa jin labarinta.

Dangi fa, me za su yi? Maimakon a bi dare ana kai wa wani kuɗi a bayan ofis, a nufi Sakkwato. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali, tana da ofis a can. Haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, haka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala. Akwai kuma ƙarar neman haƙƙin ɗan adam a Babbar Kotu. Ƙa'idojin 2009 sun sauƙaƙa ta ƙwarai: wani yana iya shigar da ita a madadin wanda ke tsare, kuma daɗewar lokaci ba ta kashe ta. Ƙaramin sashe na 6 na sashe na 35 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da kuma ban haƙuri a bainar jama'a. Mai karatu, sake duba wannan na ƙarshen. Ban haƙuri a bainar jama'a, ga mutumin da aka kunyata a gaban surukansa, ya fi kuɗin daraja.

Ko an yanke hukunci ma, akwai gaba. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa a watan Oktoba na 2001. Ta ɗaukaka ƙara, a ranar 25 ga Maris, 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta rushe hukuncin, saboda abin da ake tuhumarta da shi ya riga dokar fara aiki, kuma ba a bi ƙa'ida wajen bayyana mata tuhumar ba. Alƙalan Musulunci ne suka gyara kuskuren alƙalin Musulunci. Da ta ce ta bar wa Allah ta zauna, da wani labarin ake ba da wa.

Sai mu zo ga shi gogan, mai ƙagen. A nan ne kowa ke ja da baya, a nan ne kuwa nake ganin maganin yake. Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta sa ɓata suna da yaɗa ƙarya mai cutarwa cikin laifuffuka a sassa na 391 zuwa 393, ta kuma hukunta kai wa ma'aikacin hukuma rahoton ƙarya da yin shaidar zur. Bayan wannan, wanda kotu ta sallama yana iya kai ƙarar wanda ya ƙulla masa shari'ar don neman diyya. Abin da zai nuna shi ne, wancan ne ya ingiza hukuma, shari'ar ta ƙare ba a same shi da laifi ba, babu wani dalili na hankali da ya sa aka zarge shi, kuma ƙeta ce ta motsa abin. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke irin wannan a shari'ar Balogun da Amubikahun. Wani lauya ne a Ibadan suke rigimar fili da wani mutum, sai ya kai ƙara wurin 'yan sanda cewa mutumin ya yi hayar wata mata ta kashe shi. Aka kama mutumin, aka gurfanar, aka wanke shi, ya juyo ya yi ƙarar lauyan ya ci. Lauyan ya ce ai 'yan sanda ne suka gurfanar, ba shi ba. Kotu ba ta karɓi wannan ba, gama shi ya kitsa ƙaryar ya miƙa musu. In an kayar da lauya a kan haka, mene ne wani ɗan tsegumin ƙauye?

Za a ce mini wannan zai sa mutane su ji tsoron tona asirin ɓarayi. Sam. Wanda ya ga abin da ya ba shi tsoro ya kai rahoto da zuciya ɗaya, doka ba ta kama shi ko da daga baya ya zama kuskure. Wanda take nema shi ne wanda ya san ƙarya ce ya faɗa. Hasali ma jami'an tsaro ne za su fi cin riba, domin kowace rana da suka ɓata a kan mai burodi, infoma na gaske yana can yana buga wayarsa.

Za a kuma ce shari'a sai mai kuɗi, kuma mace da ciki ce. Akwai gaskiya a nan. Kuɗin mota daga Kebbe zuwa Sakkwato sau goma ba wasa ba ne, ana ɗage zama, kuma karɓo diyya daga hannun 'yan sanda bayan an ci shari'a wani yaƙin ne dabam. Amma a lissafa abin da ake kashewa a bayan fage wajen "kashe magana", a gwada da wannan. Ga shi kuma mai ƙagen ba hukuma ba ne, yana da gona, yana da awaki, kotu na iya sa a sayar a biya.

Za a ce zumunci, wai gari ɗaya, kaka ɗaya, ina za a kai ɗan'uwa kotu? Ban ƙi sulhu ba. A je gaban Sarkin Burmin Jabo ko limamin gari ko dagaci, a zauna. Amma sulhun da za a kira mutum biyu cikin zaure a ce su gaisa, alhali ƙaryar a kasuwa aka faɗe ta, wannan rufa-rufa ce. Inda aka ɓata a nan za a gyara. In a majalisa ya faɗa, ya koma majalisar ya ce ƙarya na yi. In a waya ya yaɗa, ya ɗauki sabuwar murya ya tura inda ya tura ta farko. A rubuta, shaidu su sa hannu, ya biya abin da aka kashe. In ya ƙi, a wuce kotu ba tare da jin kunyar kowa ba. Don haka ne ya kamata wanda aka yi wa sharri ya adana komai tun ranar farko: muryar da aka yaɗa, sunayen waɗanda suka ji da kunnensu, ranar kamu da ranar saki, takardar asibiti in an taɓa lafiyarsa, da kwafin hukuncin kotu mai hatimi. Da yawa sukan fito daga kotu da murna su manta da wannan takarda, sai bayan shekaru an zo neman aure ko aiki a tono maganar, ba su da abin nunawa.

Saura mu da muke jami'a. Kowane hutu muna komawa garuruwan nan, a shimfiɗa mana tabarma a ce ga masu ilmi sun zo, mu kuwa mu cika majalisa da gardamar siyasa da ƙwallon Ingila. Ina ba Ƙungiyar Hausa shawara ta nemi 'yan'uwanmu na Tsangayar Shari'a, a zauna a fassara sashe na 35 da na 36 da Hausar da tsohuwa za ta gane, a ƙara da inda ofisoshin hukumomin nan uku suke a Sakkwato, a buga a takarda ɗaya, gaba da boko baya da ajami. Kowane ɗalibi daga Jabo, Dogon Daji, Sanyinna, Kebbe da Kuchi ya ɗauki hamsin in zai tafi hutu, ya ba limamai da masu shayi da shugabannin 'yan acaba, ya kuma karanta da babbar murya ga wanda bai iya ba. Kuɗin bugawa ba zai kai abin da muke kashewa a liyafar ƙarshen shekara ba, ni kuwa na ɗauki nauyin rubutun ajamin.